Ci Gaban Binciken Wutar Lantarki da Amfaninsa ga Ƙasar Gobir

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci wutar lantarki a ƙasar Hausa, abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne falwaya da waya, sai kuma zaman jiran a kawo wuta ko a ɗauke. Dalili kuwa shi ne, tun da muka san wannan wuta daga nesa ake jawo mana ita. To, amma a cikin shekaru 70 da suka shige masana kimiyya sun yi ta bincike, har suka kai ga hanyoyin da ƙaramin gari zai iya samar wa kansa wuta a bakin ƙofarsa. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wannan sauyi cikin Hausa, sannan a auna shi da halin da wani yanki na ƙasarmu yake ciki.

Yankin da aka zaɓa shi ne gabashin Jihar Sakkwato, wato ƙasar Isa da ta Sabon Birni, tare da garuruwa irin su Turba da ke cikin ƙaramar hukumar Isa. Nan ne tsohuwar ƙasar Gobir, inda Alƙalawa ta yi zamanta na babban birni har shekarar 1808. Gobirawan wannan yanki 'yan'uwan na Tsibiri ne da ke kusa da Maraɗi, iyakar Turawa ce kawai ta ratsa tsakaninsu, saboda haka maganarmu za ta riƙa leƙawa Jamhuriyar Nijar. An zaɓi yankin ne domin yana nesa da dukkan manyan tashoshin wuta na Nijeriya, ga shi kuma Allah ya hore masa rana. Idan sabon binciken nan yana da amfani, to a irin wannan wuri ne ya kamata a fara ganinsa.

Yadda Ake Samar da Wuta da Yadda Take Tafiya

A shekarar 1831 wani masani ɗan Ingila mai suna Michael Faraday ya gano cewa idan aka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, wutar lantarki takan gudana a cikin wayar. A kan wannan ne aka gina kusan duk wani janareto da ke duniya, tun daga ɗan ƙaramin da mai shago yake kunnawa har zuwa manyan injunan madatsar ruwa. Bambancinsu kawai shi ne abin da ke juya injin. Wani fetur ne, wani iskar gas, wani ruwa ne da aka tare aka sako shi da ƙarfi a kan farfela.

Samar da wuta kashi ɗaya ne na aikin, kai ta inda ake bukata shi ne kashi na biyu. Don sauƙin fahimta sai mu kwatanta waya da bututun ruwa. Akwai ƙarfin da ke tunkuɗa ruwan, akwai kuma yawan ruwan da ke kwarara. A wajen lantarki, ƙarfin tunkuɗar shi ake aunawa da bolt, yawan kwararar kuma da amfiya. Idan aka ninka su biyun sai a sami wat, wato ma'aunin aikin da wutar za ta iya yi. Wat 1,000 shi ne kilowat ɗaya, kilowat 1,000 kuma megawat ɗaya.

Kowace waya tana cin wani kaso na wutar da ke bi ta cikinta, ta mayar da shi zafi. Wannan hasara tana ƙaruwa da tsawon waya, tana kuma ƙaruwa ƙwarai da yawan kwarara: idan kwarara ta ninka sau 2, hasara takan ninka sau 4. Dabarar da injiniyoyi suka yi ita ce su ɗaga ƙarfin tunkuɗa sama sosai domin kwarara ta ragu. Alal misali, idan aka aika wuta daidai-wa-daida a kan waya iri ɗaya, wadda aka tura da bolt 330,000 hasararta kashi ɗaya ce cikin 100 na wadda aka tura da bolt 33,000. Na'urar da ke ɗaga wannan ƙarfi ko ta sauke shi ita ce taransifoma. Shi ya sa a Nijeriya wuta takan baro tasha da bolt 330,000, a sauke ta zuwa 132,000, sannan 33,000 ko 11,000, kafin taransifomar unguwa ta mayar da ita wajen bolt 230 na cikin gida. Kowane mataki yana bukatar ƙarfe da tagulla da ma'aikata, kuma kowane mataki wuri ne da abu zai iya lalacewa.

Tarihin Waya a Nijeriya da Halin Wanda ke Ƙarshenta

An fara kunna wutar lantarki a Nijeriya a Legas cikin 1896. A 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da wuta da ƙarfin ruwa a Kura, kusa da Jos, domin masu haƙar kuza. A 1951 hukumar ECN ta fara aiki, a 1962 kuma aka kafa hukumar kula da madatsun kogin Kwara, wadda ta gina madatsar Kainji aka gama a 1968. An haɗe hukumomin biyu a 1972 suka zama NEPA. Daga baya aka ƙara madatsar Jebba a 1985 da ta Shiroro a 1990. Kainji an girka mata injuna masu ƙarfin megawat 760, Shiroro 600, sabuwar madatsar Zungeru kuma 700. Dokar 2005 ta rusa NEPA, a Nuwamban 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna suka faɗa hannun kamfanin Kaduna Electric, manyan wayoyin dako kuwa suka ci gaba da zama hannun gwamnati a ƙarƙashin TCN.

Abin lura a nan shi ne inda aka kafa tashoshin. Manyan madatsun duka suna tsakiyar ƙasa ne, a yankin kogin Kwara da kogin Kaduna. Tashoshin gas kuwa, waɗanda su ne ke ba da mafi yawan wutar ƙasar, galibinsu suna kudu. Wutar da ke zuwa birnin Sakkwato daga Kainji sai ta bi babbar waya zuwa Birnin Kebbi, a sauke ta zuwa bolt 132,000, sannan ta ƙarasa. Garuruwan gabas irin su Isa da Sabon Birni kuwa sai an ƙara wata doguwar tafiya a kan ƙananan wayoyi. Ke nan mutumin wannan yanki shi ne na ƙarshe a layin rabo. Rabon kansa ma kaɗan ne, domin ko da yake injunan da aka girke a ƙasar sun kai na megawat 13,000, abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya ne tsakanin 4,000 da 5,000. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar gwamnati, mafi yawansu kuwa mutanen karkara ne.

Abubuwa biyu da suka auku kwanan baya sun nuna raunin dogaro da doguwar waya. Na farko, a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu, saboda an lalata babbar wayar Shiroro zuwa Kaduna, sannan ɗaya wayar da ke hawowa daga kudu ta Binuwai ita ma ta sami matsala. Na biyu ya shafi maƙwabtanmu. Tun 1976 Nijar take sayen wuta daga Nijeriya ta wayar Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya aka ja wata daga Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Nijeriya ta yanke wannan wuta, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar take amfani da shi, ba a mayar ba sai Maris na 2024. Mai teloli a Maraɗi da mai sayar da ƙanƙara a Sakkwato babu wanda ya yi laifi a cikinsu, amma duk sun sha hasara saboda abin da ya faru ɗaruruwan kilomita daga inda suke. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abubuwan da Bincike Ya Sauya

Bincike ya sauya abubuwa huɗu waɗanda idan aka haɗa su suke ba ƙauye damar mallakar nasa gatarin.

Na farko shi ne farantin hasken rana, wanda jama'a ke kira sola. Tun 1839 wani Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya lura cewa haske yana iya tayar da wutar lantarki a jikin wasu abubuwa. Sai a 1954 ne masu bincike na ɗakin gwaje-gwajen Bell a Amurka suka ƙera ƙwayar farko mai amfani daga silikon, wani sinadari da ake tacewa daga yashi. Wannan ƙwaya tana mayar da kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta ya zama wuta. Farantan da ake sayarwa yanzu sun haura kashi 20. Farantin ba ya da wani abu mai juyawa, ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, kuma yakan yi shekara 20 ko fiye yana aiki. Da can tsadarsa ta sa sai a jikin taurarin ɗan'adam ake ganinsa. Bayan da manyan masana'antu, musamman na ƙasar Sin, suka shiga ƙera shi, farashinsa a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

Na biyu shi ne ƙwan fitila. Tsohon ƙwai mai zare a ciki zafi yake yi fiye da haske. Sabon ƙwan da ake kira LED ya samu ne daga binciken wasu masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2014. Ƙwai mai cin wat 9 na wannan iri yana ba da haske kusan daidai da tsohon mai cin wat 60. Bari mu yi ɗan lissafi don a ga muhimmancin wannan. A ce gida yana da ƙwai 4, ana kunna su awa 5 kowane dare. Da tsohon ƙwai gidan zai ci wat-awa 1,200, da sabon kuwa 180 kacal. Farantin sola mai wat 300, a wuri mai rana irin ƙasar Gobir, yakan tara wajen wat-awa 1,200 a yini bayan an cire hasara. Ke nan farantin da a da gida ɗaya zai haskaka, yanzu zai haskaka gida 6.

Na uku shi ne batir. Rana ba ta fitowa da dare, alhali da dare aka fi bukatar haske, don haka dole a sami rumbun ajiye wuta. Batirin dalma irin na mota shi aka daɗe ana amfani da shi, amma yana da nauyi kuma ba ya jure a riƙa zuƙe shi ƙarƙaf. A 1991 kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyom, wanda shi ne ke cikin wayoyin hannu. Masana uku da suka share fagensa, Goodenough da Whittingham da Yoshino, sun sami kyautar Nobel a 2019. Irin da ake girkawa a tashoshin ƙauye yana iya cika ya ƙare sau dubbai kafin ya gaji. Tare da batir akwai inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir mai tafiya gefe ɗaya ta zama mai kai-da-komo, irin wadda firji da fanka da injin niƙa suke so.

Na huɗu shi ne mita mai kati, wadda mutum ke sayen wuta kafin ya sha, gwargwadon ƙarfin aljihunsa. Wannan ta rage rigimar takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, ta kuma ba mai zuba jari tabbacin cewa kuɗinsa za su dawo.

Idan aka haɗa waɗannan huɗu sai a sami abin da za mu kira ƙaramar tashar gari: faranti masu yawa a fili ɗaya, da ɗakin batir, da gajerun wayoyi zuwa gidaje da shaguna. A 2016 hukumar kula da wutar lantarki ta Nijeriya, NERC, ta tsara ƙa'idar kafa irin waɗannan tashoshi har zuwa ƙarfin megawat ɗaya. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu.

Gudummawar Masanan Gida

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wannan bincike na Turai da Asiya ne kaɗai. Ɗaya daga cikin magabatan binciken makamashin rana a Afirka haifaffen Tasawa ne ta ƙasar Maraɗi, wato Farfesa Abdou Moumouni, wanda aka haifa a 1929 ya rasu a 1991. Ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na dafa abinci da na tace ruwa, duka da zafin rana. Jami'ar Yamai sunansa take amsawa. Nijar ta buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza cikin 2018, da wata mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai cikin 2023, shekarar da aka yanke mata wutar Nijeriya.

A ɓangarenmu kuwa, a 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Cikin waɗanda suka shugabance ta har da Farfesa Abubakar Sani Sambo, wanda daga baya ya riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Cibiyar ta yi aiki a kan na'urar busar da amfanin gona da zafin rana, da murhu mai cin itace kaɗan, da iskar girki daga kashin dabbobi. Ta kuma gwada haskaka ƙauyen Kwalkwalawa da farantan sola masu ƙarfin kilowat 7.2, ta girka injin iska mai kilowat 5 a Sayya Gidan Gada. Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, amma an yi su ne tun sola tana da tsadar gaske, kuma a cikin irin zafinmu da ƙurarmu.

Tun daga nan abin ya ƙara faɗi. An kafa ƙaramar tashar gari mai kilowat 80 a Kurdula ta ƙaramar hukumar Gudu, wadda ita ma ƙasar kan iyaka ce a Jihar Sakkwato. Jami'ar Bayero ta Kano ta sami tasha mai megawat 7.1 a 2019, sannan a Janairun 2023 aka buɗe wata mai megawat 10 a Challawa. Misalin Kurdula shi ya fi kusa da maganarmu, domin abin da ya yiwu a iyakar yamma babu dalilin kimiyya da zai hana shi yiwuwa a iyakar gabas.

Amfanin da gari irin Turba zai samu bai tsaya ga haske ba. Mutanen yankin manoma ne da makiyaya, ga fadamun gulbin Rima da rassansa irin su Bunsuru da Gagare da gulbin Maraɗi. Noman rani ya dogara ga injin ban-ruwa mai shan fetur, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin fetur ya zame wa manomi babban nauyi. Famfon sola yana aiki ne daidai lokacin da rana ta take, ba ya ma bukatar batir idan da rana za a yi ban-ruwan. Haka nan firjin ajiye allurar rigakafi a ɗakin shan magani, da fitilar ɗakin haihuwa, da injin niƙa, da walda, da cajin waya, duk ayyuka ne da ƙaramar tasha za ta ɗauka.

Matsalolin da Suka Rage

Ba daidai ba ne a nuna wa mai karatu fuska ɗaya. Akwai matsaloli, kuma wasunsu ƙasarmu ce ta fi kowa fama da su.

Ta farko ita ce zafi. Faranti haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a ma'aunin zafi 25. Duk ɗigo ɗaya da ya ƙaru, ƙarfin yakan ragu da wajen kashi 0.4 cikin 100. A bazarar ƙasar Sakkwato zafin iska yakan haura 40, jikin faranti kuwa yana iya kai 65, wato an yi hasarar wajen kashi 16 ke nan. Maganin wannan shi ne a ɗaga faranti yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinsa, a kuma sa wannan ragi cikin lissafi tun farko. Batirin dalma ma zafi yana gajarta masa kwana ƙwarai, don haka ɗakinsa yana bukatar inuwa da iska.

Ta biyu ita ce ƙura. A lokacin hunturu hazo yakan rage hasken, ƙura kuma ta kwanta a kan gilashin. Maganinta ruwa ne da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Aikin ba wuya, amma sai an ɗora shi a wuyan wani takamaimai.

Ta uku ita ce mataccen batir. Dalma guba ce. Mutanen Zamfara sun ga illarta a 2010, lokacin da yara wajen 400 suka rasu a ƙasar Anka da Bukkuyum saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar cikin batir ita ce dai wannan dalmar. Fasa tsohon batir a tsakar gida ko narka shi kusa da yara ganganci ne babba.

Ta huɗu ita ce kuɗi. Sola ba ta shan mai, amma kuɗin girkawa a tashi ɗaya ake biyansu, kuma kayan daga waje ake shigo da su. Tasha ba ta ɗorewa idan ƙwan fitila kaɗai take haskakawa. Sai an sami masu sana'a da ke sayen wuta da rana, irin su mai niƙa da mai walda da mai ƙanƙara, sannan kuɗin gyara da na sauya batir za su taru.

Ta biyar, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce rashin tsaro. Shekaru ke nan ƙasar Isa da Sabon Birni suna fama da 'yan bindiga, har dubban mutane suka tsallaka ƙasar Maraɗi gudun hijira. Babu injiniyan da zai girka faranti a garin da mutanensa suka watse, babu kuma mai jarin da zai kai dukiyarsa inda ba zai iya zuwa ya duba ta ba. Duk da haka, tsaron fili ɗaya da ke tsakiyar gari ya fi sauƙi a kan tsaron falwayoyin da suka ratsa dazuzzuka.

Inda Aikin Ya Shafi Sashen Hausa

Wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da maganar bolt da batir. Abin da ya haɗa su shi ne, sauyin da muka bayyana ya ɗauke nauyin kula da wuta daga hannun injiniyoyin babbar tasha ya ɗora wani kaso nasa a kan mutanen gari. Wanda zai goge faranti, ya duba batir, ya gane dalilin da ya sa inbata take kuka, yaron gari ne, kuma da Hausa yake tunani. Takardun bayanin da ke zuwa cikin kwalayen kayan kuwa da Turanci ko Faransanci ko Sinanci aka rubuta su.

Hausa ta riga ta fara aikinta ba tare da jiran kowa ba. Ta ari lantarki da janareto da mita da batir da soket da falwaya, ta lanƙwasa su daidai da bakin Bahaushe. Ta faɗaɗa ma'anar wuta da ƙwai da faranti da kati suka ɗauki sabon kaya. Har yau mutane suna cewa wutar Nepa, shekaru bayan an rusa hukumar. Amma duk waɗannan sunayen abubuwan da ido ke gani ne. Giɓin yana wajen abin da ba a gani. Bahaushe yakan ce wuta ta yi ƙarfi ko ba ta da ƙarfi, kalma ɗaya tana ɗauke da bolt da amfiya da wat gaba ɗaya. Wanda bai rarrabe su ba shi ne zai haɗa firji da batirin da bai isa ba, ko ya sa siririyar waya inda ake bukatar kakkaura har ta yi zafi ta kama da wuta. A wannan maƙala an gwada tunkuɗa da kwarara, da mai tafiya gefe ɗaya da mai kai-da-komo. Shawara ce kawai, ana iya samun waɗanda suka fi su.

Akwai kuma batun iyaka. Bagobirin Sabon Birni daga Turanci yake aro, ɗan'uwansa na Tsibiri daga Faransanci, alhali kasuwa ɗaya suke ci, kaya iri ɗaya suke saye. Aikin da ya kamaci sashenmu shi ne a fita a tattara kalmomin da masu gyaran wuta suke amfani da su a Sakkwato da Isa da Maraɗi, a zauna da malaman kimiyya na Cibiyar Binciken Makamashi a tantance ma'anarsu, sannan a rubuta ɗan littafin kula da sola cikin boko da ajami, a kuma shirya shi yadda za a iya karantawa a rediyo.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa tsohon tsarin lantarki ya ginu ne a kan babbar tasha da doguwar waya, kuma a irin wannan tsari ƙasar Gobir kullum a ƙarshen layi take. Mun ga yadda bincike a kan faranti da ƙwan fitila da batir da mita ya buɗe wata hanya, da yadda masanan Yamai da Sakkwato suka ba da nasu kason tun da wuri. Babbar waya ba ta rasa amfaninta ba, domin birane da masana'antu ba za su rayu sai da ita. Amma gari irin Turba ba dole ne ya jira ta kafin ya kunna fitilar asibitinsa ko ya ba gonarsa ruwa ba. Abin da ya rage shi ne zaman lafiya, da jari, da mutanen gari masu sanin abin da aka girka musu. Biyun farko suna hannun hukuma da masu dukiya. Na ukun kuwa akwai hannunmu a ciki, mu ɗaliban harshe da malamanmu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.